Ana haihuwar mutum da halin laifi ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da halin sata ake haihuwar mutum, tunda gida ɗaya kuka tashi da ƙaninka amma shi ya lalace. A'a, ba a haifar kowa ɓarawo. Wani likitan Italiya, Lomburoso, shi ya yaɗa wannan ra'ayi a 1876, wai ana gane mai laifi daga siffar ƙoƙon kansa da muƙamuƙinsa. A 1913 wani likitan Ingila, Gorin, ya gwada fursunoni kusan 3,000 a Ingila da mutanen gari, bai sami wata siffa ta musamman da ke nuna mai laifi ba.

Ni na fi gamsuwa da bayanin Sadaland, masanin zamantakewa na Amurka, cewa laifi koyonsa ake yi a wurin abokan zama, har da hujjar da mutum zai kare kansa da ita. Shekarun da na yi ina koyarwa a sakandare, yaran da na ga sun faɗa shaye-shaye da sane, kusan duk sai da suka fara canza majalisa. Ka bincika da wa ƙanin naka yake kwana hira, kuma tun yaushe.