Amsa kan tabon ruwa a fuskar hoto bayan shanya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na saurari saƙon ɗan'uwanmu da ya ce hotunan da yake wankewa a ɗakin duhu suna fitowa fes a cikin tire, amma da zarar sun bushe sai ya ga fararen zobba da dogayen layuka a kansu, musamman a wuraren da suka yi baƙi sosai, kuma yana tambaya ko ya ƙara Photo-Flo, wato sinadarin jiƙawa da ke hana ruwa taruwa ɗigo-ɗigo a fuskar hoto, a ruwan ɗauraya. Malam, kafin komai ina roƙonka kada ka ƙara, domin akwai yiwuwar shi kansa yana cikin abin da ke ɓata maka aiki.

Abin da ke faruwa shi ne, fuskar takardar hoto jelatin ne, wato wani siririn shafi da ke shan ruwa ya kumbura, kuma duk ɗigon ruwan da ya kwanta a kansa har ya ƙafe, to zai tafi ne ya bar abin da ke narke a cikinsa. Idan ruwan famfonka mai ma'adinai ne, wato irin wanda sabulu ba ya kumfa da shi sosai, kalsiyam da magniziyam ne ke zama a wurin, irin farin ɓawon nan da ke taruwa a cikin butar dafa ruwa. Wannan tabo fari ne mai zagaye, kuma idan ka karkata hoton a gaban fitila za ka ga a saman fuskar yake. Idan kuwa abin da ka gani layi ne mai maiƙo-maiƙo, wani lokaci da ɗan launin bakan gizo, to sinadarin jiƙawa ne ya yi yawa. Photo-Flo 200 na Kodak da Ilfotol na Ilford duka sinadaran jiƙawa ne, kuma ma'auninsu kashi 1 ne cikin 200 na ruwa, wato mililita 5 a lita guda, amma mutane da yawa zubawa suke yi da ido har sai ruwan ya yi kumfa, alhali kumfar ce ke bushewa ta bar zane. Akwai kuma tabo na uku wanda ya fi wuyar magani, shi ne inda ɗigon ya daɗe har jelatin ɗin da ke ƙarƙashinsa ya ci gaba da kumbura bayan na kewaye ya bushe, sai sheƙin wurin ya bambanta ko da ruwan mai tsabta ne.

Game da cire wanda ya riga ya kama, kada ka goga busasshen hoto da ƙyalle ko da yatsa, domin ƙwayoyin kalsiyam za su karce fuskar, kuma karcewa ba ta da gyara. Ka mayar da hoton cikin ruwa mai ɗumin digiri 20 a ma'aunin Selsiyas, ka bari jelatin ya sake jiƙa, sannan ka shafa wurin a hankali da jiƙaƙƙiyar auduga alhali hoton yana cikin ruwan. Tabon sinadarin jiƙawa yakan tafi da wannan kaɗai. Idan na kalsiyam ne kuma ya ƙi, sai ka sa hoton na kamar minti ɗaya a cikin sabon ruwan tsayarwa, wato wanda ake tsoma hoto a ciki don dakatar da aikin sinadarin fito da hoto, mai asid ɗin asetik kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, domin asid yana narkar da shi, ka sake wankewa, ka ƙare da tataccen ruwa, wato wanda aka samo daga tururi. Na uku kuwa wani lokaci jiƙawa da sake shanyawa daidai suna gyara shi, wani lokaci kuma sai dai ka koma kan nagatif ka sake bugawa.

Amma ka duba irin takardarka kafin ka jiƙa. Takardar RC tana da shimfiɗar roba a gaba da baya, saboda haka wankin minti 2 a ruwa mai gudu ya ishe ta, kuma idan ta wuce kamar minti 15 a jiƙe ruwa yakan shiga ta gefuna ta fara lanƙwasa. Takardar zare, wadda ake kira barita, tana shan sinadari har cikinta, shi ya sa take buƙatar kusan awa guda na wanki idan ba a yi amfani da sinadarin taimakon wanki ba, kuma ba ta damu da doguwar jiƙa ba, sai dai jelatin ɗinta yakan yi laushi, don haka a riƙe ta a hankali.

A ganina rigakafin duka yana cikin minti biyu na ƙarshe, kuma a nan ne mutum yake gajiya yana son ya kunna fitila ya fita. Ruwan ƙarshe ya zama tatacce, a cikin tire mai tsabta, na kamar minti ɗaya. Daga nan ka ɗora hoton a kan gilashi da ka jingina a karkace, ka share bayansa da robar share ruwa, ka ɗaga shi ka share gilashin, sannan ka juya ka share fuskar sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba. Sabuwar robar waifar mota tana yin wannan aiki sarai, muddin ka wanke ta kuma ka duba bakinta babu tsaga ko yashi. Hoton da aka share wa ruwa da kyau ba ya buƙatar sinadarin jiƙawa ko kaɗan, tunda babu ɗigon da ya rage da zai bar tabo.

Takardar RC ka shanya ta fuska sama, ko ka rataye ta ta kusurwa ɗaya, ka sa auduga ka tsotse ɗigon da ke taruwa a kusurwar ƙasa. Iskar na'urar busar da gashi mai ɗumi kaɗan tana taimakawa, amma kada ka ɗora ta a kan farantin ƙarfe mai zafi da ake busar da hoto a kai don ya yi sheƙi, domin robar za ta narke ta manne. Barita kuwa an saba kifa ta a kan ragar shanya domin rage nannaɗewa, sai dai idan ka yi mata rini da seleniyam fuskar takan yi taushi har ragar ta bar zanenta, don haka ka bar ta fuska sama har sai ta daina danƙo.

Idan tabon naka rawaya ne ko ruwan ƙasa, ba na ruwa ba ne, ragowar fiksa ce, wato sinadarin da ke tabbatar da hoto don kada haske ya ɓata shi, ko daga gajeren wanki ko daga ragar da wani hoton da bai wanku ba ya taɓa kwanciya a kai, kuma jiƙawa ba za ta cire shi ba. Ka wanke ragar sosai kafin aikin gaba. Ka ɗauki hoton tabon a karkace a gaban fitila ka turo mana, ka kuma faɗi ko takardar RC ce ko barita, sai mu gane wanne ne daga cikinsu. Wassalam.