Tambayoyinku: An Turo Min Fayil Ɗin Lissafin Gini, Kwamfutata Ta Ƙi Buɗe Shi

Assalamu alaikum. Wannan makon kamar injiniyoyi da 'yan kwangila sun haɗa baki, kusan duk saƙonnin da suka shigo kuka ɗaya suke yi: an turo fayil, babu manhajar da aka yi shi da ita. Na zaɓi huɗu.

Wani ɗan kwangila daga Katsina: Malam, mai zanen gidan da nake ginawa ya turo min fayil ta WhatsApp, sunansa ya ƙare da .dwg. Na danna har yatsana ya gaji, wayar ta ce ba ta da abin buɗe shi.

Alhaji, ko sau dubu ka danna, wayar ba za ta koyi AutoCAD ba, wato manhajar zanen gini da ke fitar da fayil ɗin .dwg. Shiga Autodesk Viewer ta burauza, ka buɗe asusu, kyauta ne, ka ɗora fayil ɗin. In kuma kana da kwamfuta mai Windows, sauke DWG TrueView daga shafin kamfanin Autodesk ɗin kansa. Za ka ga zanen, ka auna tsawon bango, ka buga a takarda. Gyara ne kawai ba zai ba ka dama ba, kuma gara haka, don na san halinku, yanzu sai ku matsar da ginshiƙi don falo ya ƙara faɗi.

Wani injiniya daga Kaduna: Ofishinmu ya gaji aikin wani tankin ruwa na sama. Injiniyan da ya fara aikin ya tafi, ya bar lissafinsa a fayiloli masu ƙarewa da .xmcd da .mcdx. Ba mu da Mathcad, manhajar lissafin injiniyoyi da aka yi su da ita, kuma kuɗin lasisinsa ya fi ƙarfinmu. Wani abokina ya ce zai kawo min na sata a filashi, sharaɗin kawai in kashe manhajar tsaron kwamfutar kafin in saka. Dubawa kawai nake son yi, ba gyara ba. Me ka gani?

Injiniya, ranka ya daɗe, ka mayar wa abokinka filashinsa, ka yi masa godiya. Duk abin da ya ce sai ka sallami maigadi kafin ya shigo gida, ai ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Wannan magana tana ci min rai, domin na ga ƙarshenta da idona. An taɓa kawo min wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta wani ƙaramin ofishin injiniyoyi. Zanen shekaru, lissafi, hotunan wuraren aiki, takardun biyan kuɗi, kowane fayil an liƙa masa wasu baƙaƙe huɗu marasa ma'ana a wutsiyar sunansa, babu wanda ke buɗuwa. A kowane kundi ga wata 'yar takarda mai suna _readme.txt tana neman dala 980, wai in an biya cikin awa 72 za a yi rangwamen rabi. Wannan ita ce cutar kwamfutar da ake kira STOP ko Djvu, mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, kuma babbar hanyar yaɗuwarta ita ce manhajojin sata da 'yan kayan karya lasisi. Mai ofishin ya zauna a benci ya riƙe kai, bai ce uffan ba kusan minti goma. Abin da ya ja masa duk wannan shi ne son buɗe fayil guda ɗaya tak. Garin neman gira aka rasa ido.

To yanzu ga hanyar halal. Fayilolinka iri biyu ne, daga zamani biyu. Mathcad ya fito tun 1986, kamfanin PTC ya saye shi a 2006, sannan ya fito da sabon zubi mai suna Mathcad Prime a 2011. Mai .xmcd na tsohon zubi ne, irin su Mathcad 14 da 15, wanda aka daina sayarwa a ƙarshen 2021. Mai .mcdx kuwa na Prime ne. Ko da yake sunan gidan ɗaya ne, Prime ba ya buɗe tsohon kai tsaye, sai an bi da shi ta manhajar juyawa tukuna.

Ka je shafin PTC ka sauke Mathcad Express. Kwana 30 na farko yana ba ka cikakken Prime, bayan nan ya koma ƙaramin zubi na kyauta wanda ba ya ƙarewa, kuma da shi za ka ci gaba da buɗe .mcdx kana karantawa. Wayo shi ne kada ka yi wasa da kwana talatin ɗin nan. Ranar farko ka tattara duk tsofaffin .xmcd, ka juya su, ka buɗe kowanne, ka mayar da shi PDF. Akwai kuma SMath Studio, wata manhaja mai kama da Mathcad da ke iya shigo da .xmcd in an ƙara mata abin da ya dace, amma ni don leƙawa kawai nake amfani da ita, ba na sa hannu a kan lambar da ta fitar daga fayil ɗin wani.

In ka matsu a daren nan, yi kwafin .mcdx ɗin, ka canza wutsiyarsa zuwa .zip, ka buɗe da 7-Zip, manhajar kwance ƙunshin fayiloli. Ashe ƙunshi ne kawai. A ciki za ka tarar da worksheet.xml, kuma Notepad ma zai buɗe shi. Shi .xmcd ɗin ko canza suna ba ya buƙata, rubutu ne tsantsa. Karatun ba daɗi, lissafin a tarwatse yake cikin alamomi, amma za ka iya tsinto kaurin rodi ko nauyin ruwan da aka ɗauka. Na ce kwafi, Injiniya. Kada ka taɓa na asali.

Sai dai ban yarda da maganarka ta "dubawa kawai" ba. Takardar Mathcad ba hoto ba ce, lissafi ne mai rai. Sau da yawa tana jawo wasu lambobi daga wani fayil dabam, misali teburin ƙarfin kankare da ƙarfe. In wancan fayil ɗin bai biyo ta ba, da zarar an sake lissafi sai ka ga jan alamar kuskure ya cika shafi, amsoshi sun ɓace. Akwai kuma sassan da mai aikin ke naɗewa, wani lokaci har da kalmar sirri, kuma galibi a nan ake ajiye zato da ƙa'idojin da aka gina komai a kansu. In ka buga takarda da sashen a naɗe, ka buga amsa ba tare da dalilinta ba. Bayan juyawa, ka bi ma'aunai layi-layi. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya ba da lambobin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan ya karanta su a matsayin niyuton, wani ma'aunin ƙarfi dabam. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita dubu hamsin tan hamsin ke nan a saman kawunan mutane. In hatiminka na COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ne zai hau takardar, ɗauki biro ka sake lissafin manyan sassan da hannunka.

Roƙona ga duk injiniyan da ke karanta wannan: duk ranar da ka gama lissafi, ka buɗe naɗaɗɗun sassa, ka fitar da PDF, ka ajiye shi kundi ɗaya da fayil ɗin asali, da kwanan wata a sunansa. Aikin minti biyu ne. Gini yana shekara hamsin a tsaye, manhaja kuwa kafin shekara goma sha biyar an canza mata zubi. Kai kuma Injiniyan Kaduna, kafin ka sha duk wahalar da na lissafa, nemi lambar tsohon injiniyan ka gaishe shi, ka tambaye shi ko yana da PDF.

Wata ɗaliba daga Zariya: Malamin da ke duba aikina na kammala digiri ya ba ni misali a fayil .std na STAAD.Pro, manhajar lissafin ƙarfin gini, ni kuma a makaranta kaɗai nake samun manhajar.

'Yata, kin riga kin mallaki abin buɗe shi: Notepad. Fayil ɗin rubutu ne zalla. Za ki ga ya fara da STAAD SPACE, ƙasa kaɗan ga JOINT COORDINATES da MEMBER INCIDENCES, sannan nauye-nauyen da aka ɗora. Ki fara duba layin UNIT don ki san mita ne ko milimita. Amsoshin suna cikin ɗan'uwansa mai .anl, shi ma rubutu ne, ki roƙi Malam ya haɗa miki da shi. Ki karanta shi layi-layi, za ki fi 'yan ajinku masu danna maɓalli kawai fahimtar abin da manhajar ke yi.

Wani malami daga Maraɗi: Na samu fayil .nb da wani .mat daga abokin bincike a Faransa.

Na farkon na manhajar lissafi ta Mathematica ne, sauke Wolfram Player, kyauta ne. Na biyun na MATLAB ne, ita ma manhajar lissafi ce; saka GNU Octave, wata manhaja mai kama da ita, ka rubuta kalmar load da sunan fayil ɗin a cikinta. In ya ƙi, ka ce wa abokin naka ya sake ajiye shi da zaɓin -v7 ya turo.