Haushi, Takaici da Cin Fuska

Wata ɗaliba Basiniya da ke koyon Hausa a jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing ta aiko da tambaya: mene ne bambancin fushi, haushi da takaici? Kuma cin fuska shi ne abin da suke kira "diu lian" da Sinanci, wato zubewar fuska?

'Yata, sannu da ƙoƙari. Fara lura da aikatau, wato kalmar aikin da ke tafiya da kowannensu. Fushi yin sa ake yi, shi ya sa ake ganin sa a fuska, har a daina gaisawa. Haushi kuwa jin sa ake yi, ko a ba ka shi. Kina iya jin haushin mutum shekara guda kina yi masa dariya. Sau da yawa ma ba a kan mai laifin ake sauke shi ba, shi ne Bahaushe ya ce haushin kaza huce kan dami. Kada ki rikita shi da haushin kare, rubutun ne kawai ya zo ɗaya.

Takaici ya fi su ciwo, don babu yadda za ka yi. Manomi ya sayar da masararsa da kaka, bayan wata biyu kuɗinta ya ninka: wa zai yi wa fushi? Sai dai ya cije yatsa.

Tambayarki ta biyu ta fi burge ni. Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. A wajenku mutum shi ke zubar da fuskarsa. A wajenmu wani ne ke cin taka. Yaro ya katse dattijo a tsakiyar taro ya ce masa "ƙarya ne", wannan cin fuska ne. Da a ɗaki ya faɗa masa su biyu, rashin kunya za a ce, don cin fuska yana son idon jama'a. Abin da ya fi kusa da naku shi ne zubar da mutunci, ko zubar da girma.

Akwai kuma wadda ba ki tambaya ba: yin zuciya. An yi wa almajiri gori a kan tuwo, ya ajiye kwanon ya tafi, alhali yunwa na cin sa. Ya yi zuciya ke nan. Wani lokaci yabo ne ma, domin wanda ake wa gori bai motsa ba, cewa ake zuciyarsa ta mutu.