Abin da waya mai araha ba ta nunawa ranar da aka ɓare kwalinta

Ɗana, ka tambaye ni game da wayar da ƙanenka ya saya. Ka ce ranar da kuka fito da ita daga kwali tana gudu, hoto ya burge ku, caji ya kwana biyu bai ƙare ba, amma kafin wata ya cika ta fara daskarewa, kana so ka san ko jabu aka sayar masa ko akwai abin gyarawa a cikinta. Na duba ta da kyau. Ba jabu ba ce, kuma fanel ɗinta lafiya lau. Ranar farko ce ta ruɗe ku. Ka natsu ka ji dalili, domin irin wannan ƙorafin zai riƙa zuwa teburinka kullum muddin kana wannan sana'a ta gyaran waya.

Sabuwar waya fanko ce. Babu hoto, babu bidiyo, babu guruf-guruf na WhatsApp da ke zuba mata kaya dare da rana. Jakin da ba a aza wa mangala ba, kowa ya gan shi zai ce ƙarfi gare shi. Saurin da kuka gani a shago na wayar da ba a ba ta aiki ba ne, don haka ba a yanke hukunci da shi.

Abu biyu nake so ka riƙa bambancewa, domin kwastoma duka memori yake kiransu. Akwai ram, inda waya take riƙe aikin da take yi a wannan lokacin. Akwai ma'ajiya, inda take adana hotuna da manhajoji. Wayoyi masu araha kan zo da ram giga 2, 3 ko 4, ma'ajiya kuma 32, 64 ko 128. Ma'ajiyar tasu galibi nau'in eMMC ce, wadda ba ta kai UFS ta manyan wayoyi sauri ba, kuma halinta shi ne da zarar ta kusa cika sai ta ƙara nauyi. Ga shi tun kafin mai ita ya ɗauki hoto ɗaya, Android da manhajojin da kamfani ya sako sun riga sun ci rabonsu. Da na shiga saitin wayar ƙanenka, abin da ya rage bai kai giga biyu ba, kuma abin da ya cika ta kusan duk bidiyoyin guruf ne da shi kansa bai taɓa buɗewa ba, wa'azi da barkwanci da tallan atamfa, wani ma an turo shi daga wuri uku.

Sai ka kula da rubutun kwali. Za ka ga an rubuta 8GB ɓaro-ɓaro, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce 4+4. Huɗun farko ne kaɗai ram na gaskiya. Huɗu na biyu aro ne daga ma'ajiyar nan mai nauyi. Yana ɗan taimakawa kada manhaja ta rufe da wuri, amma ba ya mai da waya mai ram huɗu ta zama mai takwas. Haka zancen ƙwaƙwalwa, wato furosesar da ke sarrafa aikin wayar. Mafi yawansu Unisoc ne ko MediaTek Helio, kwali kuma zai yi ta alfahari da kawuna takwas. Ɗauki Unisoc SC9863A da ya daɗe yana yawo cikin ƙananan wayoyi: kawunan takwas ne, amma dukkansu ƙanana ne masu tattalin wuta, babu babba ko ɗaya a ciki. Kira da saƙo da sauraron karatu zai yi su ba gardama. Wasan bidiyo mai nauyi ba aikinsa ba ne.

Idan ka ga an rubuta Android Go, kada ka raina. Google ta fito da shi a 2017 musamman saboda wayoyi masu ƙaramin ram, an rage masa nauyi. Ni a ganina waya mai ram biyu da Go ta fi mai ram biyu da aka danƙara wa cikakken Android kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Maganin wayar ƙanenka ba ya buƙatar sukuddireba. Ka kashe saukar da bidiyo da kansa a WhatsApp, ka share abin da ya taru, ka kwashe hotunansa zuwa katin memori na ƙwarai, ka sa masa Facebook Lite maimakon babban, ka dakatar da manhajojin kamfani da ba ya amfani da su. Ka cire masa waɗannan manhajoji masu cewa suna share datti suna ƙara gudu, su kansu ram suke ci, ga talla. Ka gaya masa ya riƙa barin wajen kashi ɗaya cikin biyar na ma'ajiyar a buɗe, ya kuma riƙa kashe wayar yana kunnawa jefi-jefi. Ka ji ni da kyau a nan: kada in ji ka ce wa mai irin wannan matsalar sai an yi filashin, ko wai wani abu ya ƙone a fanel, don ka karɓi kuɗi. Filashin zai goge komai, wayar ta koma fanko ta yi gudu, bayan wata ɗaya ta koma gidan jiya, mutumin ya rasa hotunan 'ya'yansa a banza. Wannan cin amana ne, kuma ba a shagona ba.

To idan wani ya kawo maka sabuwa dal ya ce ka duba masa, me za ka yi? Fara da danna *#06#, ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta fito da wadda ke jikin kwali. Sa layuka biyun, ka kira wani, ka ji muryarsa a sifikar kunne, ka tambaye shi yadda yake jin taka, ka yi hakan a bakin titi inda ake hayaniya. Fita da ita tsakar rana ka ga ko rubutu yana karantuwa, domin sikirin mai araha a inuwar shago yana da kyau, a rana kuma sai ka kare shi da tafin hannu. Rubuta dogon saƙo da sauri ka ga ko tana tsallake baƙaƙe, musamman a gefe-gefe.

Gwajin da na fi yarda da shi kuwa na banki ne. Ka sa manhajar bankinsa da WhatsApp da TikTok, ka buɗe su duka. Ka fara tura kuɗi har inda za a aiko da lambar sirri ta saƙo, ka fita ka duba lambar, ka dawo. In ka tarar da shafin yana nan yana jiranka, ram ɗin ya wadatar da shi. In manhajar ta rufe ta koma farko tana neman a sake shiga, ka gaya masa gaskiya tun yanzu. Mai POS ko ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta waya, ga kwastoma tsaye a kansa, wannan matsalar kaɗai ta isa ta hana shi sukuni. Dattijon da kira da rediyo da karatun Alƙur'ani ne buƙatarsa, shi kam ko a jikinsa. Shi ya sa kafin ka ce waya tana da kyau ko ba ta da kyau, tambayi mai ita me zai yi da ita.

Kamara ba ta da dogon bayani. Idanu ukun da ke bayan wayar, ranar da ka cire murfin irinta za ka ga sau da yawa ɗaya ce ke ɗaukar hoto, ɗaya 'yar ƙaramar mataimakiya ce, ɗayar kuwa fitila ce ko ado. Yawan lambar da aka rubuta ba shi ne kyan hoto ba. Gwada ta bayan magariba a cikin ɗaki, ka ɗauki yaro yana motsi.

Batir kuwa nan ne inda nake jinjina wa waɗannan wayoyin. Yawancinsu 5000mAh ne, ga sikirin mai ƙarancin ɗigo wanda ba ya shan wuta sosai, ga ƙwaƙwalwa mai tattali. A garin da Nepa kan yini ba ta kawo wuta ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa mai adaidaita sahu da mai shayi suke son su. Sai dai cajar da ke kwalin yawanci mai wat 10 ce, sai ta yi kusan awa uku kafin ta cika, mutane kuma ba su da wannan haƙurin. Sai ka ga an jona ta ana kallo a lokaci guda, ko an tura ta ƙarƙashin filo, ko an kai wa mai caji a janareta da wayar caji ta jabu. Zafi shi ne babban abokin gabar batirin lithium, kai kuma ka san watan Afrilu a Kano, inda zafi kan haura digiri 40. Kumburin batir da ka ga yana ɗaga murfin baya, da bakin caji da ya saki, daga nan akasari suke farawa. In akwai zaɓi, ka ba shi shawarar mai bakin Type-C, ya fi tsohon ƙaramin bakin nan jure cusawa da zarewa.

Akwai abin da mai saye ba ya tunawa ranar murna, mu kuma shi ya fi shafa: ranar da za ta faɗi. Gilashin waya mai araha ba shi da ƙwari, kuma kuɗin sikirin babban kaso ne na kuɗin wayar. Don haka kafin ka yaba wa kowa wata waya, zaga kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut Road a Kano ka tambaya ko ana samun sikirin ɗinta da batirinta da ƙaramin fanel na ƙasa. Tecno da itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin. Sun kama kasuwarmu da layi biyu da batir mai daɗewa da kamarar da aka daidaita da baƙar fata, amma ni abin da ya fi min muhimmanci shi ne kayan gyaransu suna ko'ina. Samsung da Redmi ma ana samu. Wadda nake ja maka kunne a kanta ita ce mai baƙon suna da aka shigo da kwali kaɗan aka sayar aka watse. Komai kyanta, ranar da ta fashe sai dai a ajiye ta a durowa.

In kuma sabuwa ce ta zo maka da matsala ta gaske, tana mutuwa da kanta ko sikirin na zane ba tare da ta faɗi ba, kada ka taɓa murfinta. Da zarar ka ɓalle shi garanti ya tashi. Ka tambaye shi rasit da kwali, ka duba ranar saye. In ta Transsion ce ka tura shi Carlcare, ofishin gyaran kamfanin, in ta wani kamfani ce ka tura shi wurin da ya saya su haɗa shi da ofishin gyaransu, kuma ka tuna masa ya kwashe hotunansa da lambobinsa ya cire layukansa da katin memori kafin ya miƙa ta.