Kuɗin lesin na mutum ɗaya, yara kuma tagwaye: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a wuri guda suka haɗu: 'ya'ya mata, lissafi da kimiyya, da inda ya kamata iyaye su zuba ɗan abin da ke hannunsu. Na zaɓi biyar.

"Malama, ina da tagwaye, namiji da mace, duka suna aji biyu na babbar sakandare a ajin kimiyya. Abin da zan iya warewa na malamin lesin ɗin lissafi na mutum ɗaya ne. Abokaina a majalisa sun ce in zuba a kan namijin, wai lissafi ba na mata ba ne, kuma ita ko ba jima ko ba daɗe gidan wani za ta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba." Wani uba daga Zariya.

Malam, Allah ya raya maka su. Rashin kwanciyar zuciyarka ya fi shawarar majalisar nan kusa da gaskiya.

Mu fara da zancen "ba na mata ba ne", domin an auna shi, kuma ba sau ɗaya ba. Akwai jarrabawar da ake kira PISA, wadda OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe mafi yawansu masu arziki, take yi wa 'yan shekara 15. A zagayen 2022 ƙasashe da yankuna 81 ne suka shiga. A matsakaicin ƙasashen OECD maza sun fi mata da maki 9 a lissafi, a ma'aunin da matsakaicinsa ya haura 470. A kimiyya kusan kunnen doki aka yi. A karatu da fahimta kuwa mata ne suka wuce da maki 24, amma ban taɓa jin wata majalisa ta ce a daina koya wa maza karatu ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tazarar ba gefe guda take fuskanta ba: a wurare 40 maza ne a gaba a lissafi, a 17 mata ne, ciki har da Jodan da Katar da Malesiya da Finland. Da a jini abin yake, da ba zai juya ba don kawai an tsallaka iyaka.

Faransa ta ba da hujja mafi ƙarfi. A 2025 mujallar Nature ta buga binciken da ya bi sakamakon yara fiye da miliyan biyu da rabi 'yan aji ɗaya na firamare. A ranar shiga makaranta, maza da mata kusan daidai suke a lissafi. Bayan wata huɗu kacal maza suka fara tserewa, bayan shekara tazarar ta ƙara faɗi, a makarantun gwamnati da na kuɗi, a gidajen masu hali da na marasa hali. Wato a cikin aji ake samar da ita. A Isra'ila kuma wasu masana tattalin arziki biyu, Victor Lavy da Edith Sand, sun kwatanta makin da malaman aji suka bayar da makin jarrabawar da mai dubawa bai san sunan ɗalibi ba. Suka ga akwai malaman da alƙalaminsu yake karkata ga maza a lissafi, kuma 'yan matan da suka ratsa hannun irin waɗannan malamai sun fi guje wa lissafi mai zurfi daga baya.

Najeriya ba ta cikin PISA, kuma namu ciwon ya ɗara wannan. Kafin mu zo kan wa ya fi maki, akwai wa ta samu zama a ajin, da wa ta samu lokacin buɗe littafi. Rahoton UNICEF na 2016 ya ce a duniya baki ɗaya 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokaci a aikin gida fiye da takwarorinsu maza da kashi 40 cikin ɗari. Ka lura da gidanka bayan la'asar. Hassan ya ajiye jaka ya ɗan zaga, ya dawo ya zauna da littafi. Usaina ta cire hijabi ta tarar da wanke-wanke, ta kai niƙa, ta goya ƙani, ta tuƙa tuwo, sai bayan isha'i ta ɗauko littafi tana gyangyaɗi a gaban fitilar caji. Ƙarshen zango a ce kanta ba ya ja. Lissafi kuwa darasi ne da ba ya zama da sauraro, sai hannu ya yi ta maimaitawa.

Ga abin da zan yi da ni ce. Ka karɓi takardun gwajinsu na zangon da ya wuce, ainihin takardun da suka rubuta amsa a kai, ba katin sakamako ba, ka kai wa malamin da kake son ɗauka ya gaya maka inda kowa yake tuntuɓe. Sannan ka yi ciniki a kan su biyun. Mai lesin lokacinsa da zuwansa yake sayarwa, kuma yara biyu 'yan aji ɗaya a tebur ɗaya ba su ninka masa wahala ba. Sau da yawa ɗan ƙari ne, ko a rage ranaku daga uku zuwa biyu. Ga riba ta daban: wanda ya riga ganewa zai yi wa ɗan'uwansa bayani, kuma mai bayani shi ya fi amfana. In ya zama dole sai ɗaya, takarda ce za ta zaɓa. Wanda aka ɗauka ya riƙa maimaita wa ɗayan darasin a daren ranar, sharaɗi ne.

Sai ka zauna da mahaifiyarsu a raba aikin yamma. Awa ɗaya da aka ce ta Usaina ce, ba aike ba kira, ba ta cin ko sisi. Batun aure kuwa, matar da ta karanci haɗa magunguna ko injiniyanci ba a ƙofar ɗakin miji take ajiye iliminta ba. 'Yan majalisar nan, in matansu ba su da lafiya, likita mace suke nema.

"'Yata ta gama ƙaramar sakandare. Ta samu gurbi a makarantar kimiyya ta 'yan mata ta kwana, ta gwamnati, ga kuma wata ta kuɗi kusa da gida, maza da mata a haɗe. An ce mini mata sun fi ƙoƙari a kimiyya in babu maza a ajin. Haka ne?" Wata uwa daga Kano.

Hajiya, maganar tana da ƙamshin gaskiya amma an zuzuta ta. A 2014 wasu masana a Amurka suka tattara bincike 184 da suka shafi ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi. Inda aka yi kwatanci na adalci, wato aka lura da ƙoƙarin yaran tun kafin su shiga da kuma halin gidajensu, amfanin raba maza da mata kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci ma babu. Makarantun mata zalla sukan yi fice ne domin tun wurin ɗauka sun tace, sun kwashi masu ƙoƙari.

Amma tacewar ma abin so ce. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, na 'yan mata suka biyo baya, kamar ta Taura da yanzu take Jigawa, kuma tsarin ya fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Sirrinsa jarrabawar shiga, da malaman fanni, da zaman karatun dare. A makarantar kwana ba mai aiken yarinya sayen magi tana tsakiyar aikin Kemistiri, kuma ta ɗaya a ajin mace ce, ta ƙarshe ma mace ce, don haka ba ta da dalilin cewa abin na maza ne.

Kada ki yanke hukunci daga gida. Ki je duka biyun. Ki ce a buɗe miki ɗakin gwaje-gwaje: in ana ta neman mai makulli, in kika shiga kwalabe sun yi ƙura, famfo ba ruwa, kin samu amsa. Ki tambayi sunan malamin Fiziks da na ƙarin lissafi, da ko na dindindin ne ko ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan watanni. Ki nemi sakamakon WAEC da NECO na shekarun baya, sannan ki tambayi nawa daga ɗalibansu suka ci JAMB da maki mai kyau, domin makarantar da kowa yake samun A a WAEC amma JAMB tana kayar da su, kin san abin da ake yi a zauren jarrabawarta. A ta kwanan ki duba katanga da masu gadi, ruwa da banɗaki, abinci, da matar da take kwana da yaran. Halin tsaron hanyar ma ki sa shi a sikeli, ba abin kunya ba ne. In ta kwanan ta ci waɗannan, ni ita zan zaɓa, kuɗin da kika rage ki sa a littattafai da guzuri.

"Ina zaune a Ingila, ina so in aiko wa 'yar yayata mai shekara bakwai kyautar da za ta sa ta so lissafi. Kwamfutar hannu ta yara nake tunani." Wata ƙanwar uwa.

Ƙanwata, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, kuma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. A gidajenmu kuma kin san ƙarshenta: ta koma ta kallon katun, ko yayyenta maza su ƙwace, ko ta kwanta ba caji.

Ki aiko da bulullukan haɗa gini irin su Lego, da hotunan da ake yayyankawa a sake haɗawa. Suna horar da ido wajen juya siffa a cikin kai, kuma a wannan fanni ne gwaje-gwaje suka fi nuna maza a gaba. Horo yana gyara shi: a Jami'ar Fasaha ta Michigan, Farfesa Sheryl Sorby ta fara wani ɗan kwas na wannan a 1993, kuma ɗalibai mata da suka yi shi sun fi tsayawa a karatun injiniyanci. Yaranmu maza suna samun nasu horon kyauta, a wajen ƙera motar kara da ta gwangwani. Ki ce wa yayarki ta bar ta ta shiga cikinsu, a koya mata dara, a riƙa ba ta lissafin canji da awon kwano.

Ki kuma roƙe ta kada ta riƙa cewa "ni ma ban taɓa iya lissafi ba" a gabanta. Binciken Jami'ar Chicago na 2010 ya gano cewa malamai mata masu fargabar lissafi suna shafa wa 'yan matan ajinsu, mazan kuma ba abin da ya same su. In malama tana iya haka, bare uwa.

"Anti, ina JSS 3. Likita nake so in zama amma ina tsoron lissafi da Fiziks. Ƙawayena duk At za su shiga. In bi su?" Wata ɗaliba daga Gusau.

'Yata, tsoro daban, rashin iyawa daban. Ɗauko makinki na zango uku ki duba. In kina cin rabi zuwa sama, kina cikin masu iyawa. An sha gano cewa 'yan mata suna raina ƙoƙarinsu a lissafi ko da makinsu ɗaya da na namijin da yake ɗaga hannu kullum. Maryam Mirzakhani ta Iran, mace ta farko da ta samu lambar Fields a 2014, mafi daraja a duniyar lissafi, tana yarinya marubuciya take son zama, kuma a farkon sakandare lissafinta bai yi kyau ba.

Ki san sharuɗɗan. Likitanci yana neman kiredit a Turanci, lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a JAMB kuma Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks za ki rubuta. Daga ajin kimiyya ana iya karkata zuwa wasu fannonin daga baya. Daga At zuwa likitanci kuwa sai an koma baya. At ba ajin ragwaye ba ne, lauyoyi da 'yan jarida daga nan suke fitowa, amma a shige shi don so, ba don gudu ko rakiyar ƙawa ba.

A hutun nan ki koma tushe: jadawalin sau, furakshan, da lambobi masu alamar ɗebewa. Mafi yawan masu kuka da aljabara a nan ramin nasu yake. Tambaya goma kullum, da biro, ba da ido ba.

"Wace kalkuleta zan saya wa 'yata da za ta shiga SS 1?" Wani uba daga Bauci.

Ta kimiyya, Malam, wadda ba a iya loda mata bayanai, domin masu ajiye bayanai ba a shiga da su jarrabawa. Casio ita ce aka fi sani, shi ya sa jabunta ya cika kasuwa. Ka saya a shagon littattafai da ka yarda da shi, ka daddanna maɓallan a gabansu ka ga ba sa maƙalewa, ka karkata ta ka ga ko rubutun yana dusashewa. Ka tambayi makaranta ko akwai irin da suka ƙayyade. A JAMB ba a shiga da ita, akwai ta kan kwamfuta. Ka haɗa mata da akwatin kayan zane na lissafi da littafin giraf, kuma ka rubuta sunanta a jiki, nata na kanta, ba wanda za ta jira yayanta ya gama kafin ta taɓa ba.