Ƙarfen da Aka Sa wa Maigidana a Ƙafa Yana Fitar da Ruwa

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan da aka yi wa maigidana aiki a ƙwauri bayan karaya, aka sa masa ƙarfe da kusoshi. Yanzu wani ɗan rami ya ɓullo a bakin ɗinkin yana tsatsafo da ruwa, ya rufe, bayan kwana biyu ya sake buɗewa. Wasu sun ce jikinsa ne ya ƙi ƙarfen, wasu sun ce tsatsa ya yi. Yana ta shan kafso. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Batun tsatsa ki ajiye shi gefe. Ƙarfen ƙashi ko dai titaniyam ne, ko baƙin ƙarfe na musamman mai kuromiyam kusan kashi 18 cikin ɗari, kuma dukansu suna da wata siririyar fata a kansu da ke kare su daga ruwan jiki.

Maganar “jiki ya ƙi ƙarfe” ita ce ke ɓata mini rai, domin ta jawo wa mutane da yawa asarar ƙafa. Jiki yana ƙin ƙodar da aka dasa masa ne saboda tsoka ce mai rai, mai ɗauke da shaidar wani mutum daban. Ƙarfe ba shi da wannan shaida. Akwai masu borin nikel, wani sinadari da ke cikin baƙin ƙarfen, gaskiya ne, amma kaɗan ne, kuma nasu yawanci ƙaiƙayi ne da ƙuraje. Ramin da ke buɗewa yana rufewa a kan ƙarfe hanya ce da mugunya ta haƙa daga ƙashi zuwa waje. Ƙwayoyin cuta ne, yawanci dangin Staphylococcus, suka zauna a jikin ƙarfen.

Ƙarfe ba shi da jijiyar jini, don haka sojojin jiki ba sa isa kansa sosai. A gwajin da aka yi da dabbobi, ƙwayar cuta ɗari kacal ta isa ta haddasa ciwo idan akwai baƙon abu irin ƙarfe a wurin. Da sun manne sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi, irin wanda ke kama cikin tulun da aka daɗe ba a wanke ba. A cikin yauƙin nan sukan jure magani ninki ɗari har zuwa dubu. Kafson da yake sha yana kashe na waje ne kawai, ramin ya bushe, kowa ya ce an samu sauƙi, alhali na ciki suna cin ƙashin da ke riƙe da kusoshi. Masu cewa a shafa wannan a tura wancan cikin ramin kuwa, sababbin ƙwayoyi suke ƙara masa.

Ku koma wurin likitan ƙashi a wannan makon. Za a ɗauki hoton ƙashin a ga ko ya haɗe, ko kusoshin sun yi sako-sako, a kuma yi gwajin jini na CRP da ESR, masu nuna alamar kumburi a jiki. Ku faɗa masa sunan kafson da ranar da aka fara, domin sau da yawa sai an dakatar da magani mako biyu kafin gwajin gano ƙwayar cutar. Dangwalo ruwan bakin ramin da auduga ba ya nuna ainihin ƙwayar; a ɗakin tiyata ake ɗebo nama daga ciki, wuri biyar.

Idan ƙashin ya haɗe, a cire ƙarfen, a kankare mataccen nama, a yi magani kamar mako 6. Idan bai haɗe ba kuma ƙarfen na nan daram, akan wanke a bar shi, magani ya kai mako 12. Kada kowa ya ba shi rifampicin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi kaɗai ba tare da wani magani ba, nan da nan ƙwayar ke sabawa da shi. A duba sukarinsa, in yana shan taba ya daina. Zazzaɓi, rawar ɗari ko kumburi mai yaɗuwa kuwa, ranar za ku tafi, ko da dare ne.