Tambaya da Amsa: Mene Ne Aikin Yatsun Nan Huɗu a Wutsiyar Tsutsar Sauro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ɗalibaina sun ɗebo tsutsar sauro daga ruwan saman da ya taru cikin tsohuwar taya, muka duba ta a madubin ƙara girma, sai muka ga wasu abubuwa huɗu garai-garai kamar yatsu a ƙarshen jikinta. Shin da su take numfashi, kamar yadda kifi yake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya ƙara basira. An daɗe ana zaton hakan, amma tsutsar tana shaƙar iska ne ta wani bututu da take leƙo da shi saman ruwa. Babban aikin yatsun nan shi ne tsotso gishiri, kuma binciken masana kimiyya biyu, na Wigglesworth a Ingila a shekarun 1930, da na Koch a 1938, su ne suka fito da wannan fili.

Dalili shi ne, jinin tsutsar ya fi ruwan sama gishiri nesa ba kusa ba, saboda haka kullum ruwa yana kutsawa jikinta, ita kuma tana fitar da shi da fitsari mai yawa, wanda yake tafiya da ɗan gishirin da ba za ta iya rayuwa babu shi ba. Dole ta mayar da abin da ta rasa daga ruwan da kusan babu komai a cikinsa.

A nan ne ginin ƙwayoyin halittar yake ba ni sha'awa ƙwarai, kodayake madubin makaranta ba zai nuna shi ba, sai madubi mai aiki da ilektiron. Ɓawon da ya rufe yatsun siriri ne sosai, yadda gishiri zai iya ratsawa. A ƙarƙashinsa, fatar ƙwayar da ke fuskantar ruwa ta nannaɗe ninki bisa ninki, kamar zanen da aka linke don ya shiga ƙaramin akwati, wanda hakan ya ba ta faɗin wuri mai yawa na dasa ƙananan famfunan da ke jawo sodiyam da kulorayid, wato sinadarai biyun da suka haɗu suka zama gishiri. Fatar da ke fuskantar jini ma ta lotsa ciki lungu-lungu, kuma a tsakanin lungunan maitokondiriya suka cika maƙil, wato ɗakunan da ke samar wa ƙwaya ƙarfi, domin jawo gishiri daga inda yake kaɗan zuwa inda yake da yawa aiki ne mai cin kuzari, tamkar tura ruwa hawan tudu. Wani masani mai suna Copeland ya bayyana wannan manne wa juna na fata da maitokondiriya a 1964.

Sauran ƙwarin ruwa sun bi wasu hanyoyi. 'Ya'yan mazari sun ɓoye irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙarshen hanjinsu, wasu kuma sun warwatsa su ɗaiɗai a jiki, kowace da ɗan murfi mai huji-huji, kamar yadda masana Wichard da Komnick suka siffanta a Jamus a shekarun 1970.

Shawarata, Malam, ku reni ƙananan tsutsotsi kashi biyu a kwalabe masu murfin raga, ɗaya a ruwan sama zalla, ɗaya da ɗan gishiri kaɗan, sannan ku gwada tsawon yatsun bayan sun girma. Yatsun tsutsotsin ruwan saman za su fi girma, kuma wannan madubinku zai iya nunawa. Ku zubar da tsutsotsin a busasshiyar ƙasa kafin su zama sauro.